Shin Ko Kun San? Kafin Ku Sayi Rauta a Fagge ko Sabon Gari

Shin ko kun san cewa rautar da ta fi kowacce tsada a shagunan titin Beirut ba za ta ƙara wa intanet ɗin gidanku gudu ko na sisin kwabo ba, muddin abin da ke shigowa gidan bai taka kara ya karya ba? Aikin rauta rabo ne. Tana karɓar abin da kamfanin sadarwa ya turo, ta raba wa wayoyi da kwamfutoci da talabijin. Idan megabit 10 ne ya iso bakin tagarku, shi ɗin za ta raba, ko da an rangaɗa 3,000 da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Mai shago ba da wannan yake fara magana ba, kuma ba laifinsa ba ne, kayansa yake talla.

Shin ko kun san daga ina abin yake tasowa? Daga bakin teku. Jirgin ƙasa ya fara shigowa Kano a 1911, Sabon Gari kuma a bayan zuwansa aka yanka ta, wajen 1913, domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo dogo daga Kudu. Yau ma mafi yawan intanet ɗin da ake sha a unguwannin da ke kewaye da tashar jirgin daga Legas yake hawowa. A can ne manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka: SAT-3 a farkon shekarun 2000, MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, sai Equiano ta kamfanin Google a 2022. Daga nan wayar faiba ke ɗauko shi, tafiyar sama da kilomita 1,000, kafin ya iso ƙarfen sabis ɗin unguwarku. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikin irin waɗannan wayoyi suka lalace a tekun da ke gaban Kwadebuwa, harkar banki ta rikice, masu POS suka zauna suna hamma. Mai rauta mai tsada da mai ta araha duk tare suka yi zaman jira a ranar.

Kun san kuwa ba kowace rauta ce ke cin sim ba? Wannan shi ne ramin da sabon shiga ya fi faɗawa. Akwai 'yar ƙaramar nan ta aljihu mai batir, MiFi. Akwai ta ajiyewa a ɗaki mai gidan sim, wadda ake jonawa a wuta. Akwai kuma wadda ba ta da gidan sim ko kaɗan, irin su TL-WR840N ta kamfanin TP-Link, wadda sai an kawo mata intanet ta waya an soka a bayanta sannan ta watsa. Ita ce ta fi araha, ga eriya biyu a tsaye gwanin sha'awa, shi ya sa take jan ido. Wanda babu faiba ko wata waya da ke shigowa gidansa, idan ya saye ta ya sayi ado ne. Ku juya ta ku nemo gidan sim da idonku kafin a fara ciniki.

Shin ko kun san lambar nan ta jikin kwali tarawa aka yi? Idan kun ga AC1200, ba wai wayarku za ta sami megabit 1,200 ba ne. An haɗa 300 na ɓangare ɗaya da 867 na ɗaya ɓangaren, aka cike gurbin ya zama 1,200 don ya yi daɗin faɗi. Waya kuwa ɓangare ɗaya take kamawa a lokaci guda. Ko 867 ɗin ma lissafin ɗakin gwaji ne, babu bango, babu maƙwabci, babu ƙura.

Kuma kun san megabit ba megabait ba ne? Bit takwas ke yin bait ɗaya. Kamfanoni da megabit suke talla, waya kuma da megabait take auna fayil. Layi mai megabit 100 a daƙiƙa, iyakar abin da zai sauke megabait 12.5 ne. Fim mai nauyin gigabait ɗaya a kan layi mai megabit 20 zai ci kusan minti bakwai.

Shin ko kun san gida ba ya buƙatar gudun da ake tsorata shi da shi? Netflix ta ce megabit 5 ya isa kallon hoto tangaran na 1080, megabit 15 kuma ya isa na 4K. Gidan da mutum biyar ke kallo a lokaci guda, megabit 30 mai tsayawa daram ya wadatar da su. Abin da ke ɓata rai ba ƙarancin gudu ba ne, rashin tabbas ne: yanzu 40, an jima 2, musamman bayan sallar Isha'i lokacin da duk unguwa ta hau ƙarfen sabis ɗaya.

Sai kuma ramukan da ke bayan rautar. Rautoci masu araha da yawa raminsu na waya ba ya wuce megabit 100. Wanda ya ja faiba mai megabit 200 ya jona a irin wannan, rabin kuɗinsa a bakin ramin yake tsayawa duk wata. Ku nemi inda aka rubuta Gigabit ko 10/100/1000.

Shin ko kun san rauta na iya zama sabuwa fil, lafiyarta lau, amma ta ƙi kama 4G na layinku? Ma'aikatan tashar jirgi sun fi kowa fahimtar wannan. Tsohon dogon da ya iso Kano faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon da aka ƙaddamar da aikinsa tsakanin Kano da Kaduna a 2021 kuwa milimita 1,435. Tarago komai kyansa, idan na wancan ne ba ya hawa wannan. Haka 4G yake: kowane kamfani da zangon da yake watsawa a kai, kowace rauta da zangunan da take ji. A jikin kwali ana rubuta su B3, B7, B20, B28. Airtel ta fi dogara da B3, MTN na amfani da B3 da B7 da B20, Glo kuma da ta fara 4G a 2016 a kan B28 ta ɗora shi, abin da ya sa wayoyi da yawa na lokacin suka kasa ganinsa. Rautar da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka sau da yawa zangunan can take ji, irin su B2 da B4 da B12 da B13, ta iso Fagge ta zama kurma. Wanda ke son ya riƙa sauya layi, ya nemi mai ɗauke da huɗun nan duka. Ni a ganina wannan layin rubutu ɗaya ya fi duk hotunan da ke jikin kwali muhimmanci, kuma shi ne ake bugawa da baƙaƙen da sai an matse ido.

Ƙananan zanguna, wato B20 mai 800 da B28 mai 700, su ne ke tafiya nesa suna ratsa bango. B7 mai 2,600 ya fi ɗaukar kaya amma ba ya son shinge. Wanda ɗakinsa ke can ƙuryar gida, da ƙananan zai fi shiri.

Shin ko kun san rautocin 4G aji-aji ne? Cat 4 iyakarta megabit 150 wajen saukewa da 50 wajen turawa. Cat 6 tana kai 300, domin tana iya kama zango biyu a lokaci guda ta haɗa su. A cunkoson Sabon Gari, inda zango ɗaya kan cika maƙil da yamma, wannan haɗawar ita ce bambancin da ake ji a jiki. Idan kuɗin mutum ya kai, a nan ya dace ya ƙara, ba a kan yawan fitilu masu ƙyalli ba.

Ga kuma abin da ba a cika tambaya ba: gudun turawa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke ɗaukar bidiyon atamfa da shadda yana aika wa abokan ciniki a Maraɗi da Damagaram, ko yake buɗe dila yana nuna musu kaya kai tsaye ta WhatsApp, turawa yake yi ba saukewa ba. Haka mai shagon rajistar JAMB da ke ɗora takardu. Idan kun gwada gudu, lamba biyu ke fitowa, ta biyun ita ce ta waɗannan bayin Allah.

Shin ko kun san Kano na cikin biranen farko da suka ga 5G a Nijeriya? A Disambar 2021 hukumar NCC ta yi gwanjon zangon 3.5 GHz, MTN da Mafab suka ci, kowanne a kan dala miliyan 273.6. MTN ta kunna nata a 2022 a birane bakwai: Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri. Airtel ta biyo baya a 2023. Sai dai a ce gari na da 5G daban, a ce lungunku na da shi daban. Zangon 3.5 ba ya nisa, kuma bango na cinye shi. Titi ɗaya kan samu, na bayansa ya rasa. Rautar 5G idan ba ta ga 5G ba komawa take 4G ta ci gaba da aiki, ke nan an biya kuɗin babba ana cin moriyar ƙarama. A ari waya mai 5G, a sa sim ɗin kamfanin, a tsaya a daidai inda za a ajiye rautar, a gani. Gani ya kori ji.

Kun san dalilin da rautar kamfani take fin ta shago araha? A kulle take. Kamfanin ya rage kuɗin na'urar, wani lokaci har da kyautar data, don ya san a wurinsa za ku riƙa saye duk wata. Sim ɗin wani ba ya aiki a cikinta. Masu gyara a Farm Centre da titin Beirut suna buɗe wasu, amma buɗewar kan kashe garanti, kuma idan hannu ya goce na'urar kan mutu murus. Buɗaɗɗiya tun daga masana'anta ta fi tsada ranar saye, ranar da sabis ɗin wannan kamfani ya ɗauke a unguwa kuwa sai a zare sim a sa wani.

Shin ko kun san Wi-Fi kansa hanya biyu gare shi a yawancin gidaje, 2.4 da 5? Kada a rikita wannan 5 ɗin da 5G na kamfanonin waya, ba dangin iya ba na baba. Na 2.4 yana tafiya nesa yana ratsa bango, amma cike yake da jama'a. Tashoshinsa uku ne kacal ba sa taka juna: 1 da 6 da 11. A benayen Sabon Gari, inda ɗaki ke jingine da ɗaki, shago a ƙasa mazauna a sama, ku buɗe Wi-Fi a waya ku ga jerin sunayen da zai zubo. Duk a kan tashoshin nan uku suke kokawa. Bluetooth ma a nan yake, haka na'urar ɗumama abinci ta lantarki, wadda ke aiki a 2.45. Na 5 kuwa fili ne fetal, ga gudu, amma bango biyu na bulo sun isa su karya masa gwiwa. Shi ya sa mai ɗaki da falo a bene ya fi buƙatar rauta mai hanya biyu, mai babban gida a Fagge kuma ba zai rabu da 2.4 ba.

Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa aka cunkushe a 2.4 shi ne kyauta ne. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe zangon ga kowa ba tare da lasisi ba, masu ƙera kaya suka yi masa ca. Ƙa'idar Wi-Fi ta farko a 1997 ta fito, gudunta megabit 2.

Shin ko kun san ƙarfe ya fi kowane bango gaba da Wi-Fi? Ƙofar ƙarfe, rufin kwano, durowar ƙarfe, firji, har da madubi saboda abin da aka shafa a bayansa. Ruwa ma yana shanye shi, don haka kusa da tanki ko randa ba wurin zaman rauta ba ne. Dakalin bene mai rodi a ciki kan raba sama da ƙasa kamar gida biyu. Katangar ƙasa mai kauri ta tsofaffin gidaje ita ma ba ta wasa. Amma kullum sai ka ga an cusa rauta a bayan talabijin, ko a ƙasan gado don kada yara su taɓa, sannan a kwana ana zagin kamfani. Wurinta sama ne, a sarari. Idan mai sim ce, kusa da tagar da ke kallon ƙarfen sabis.

Kun san sandunan nan na sabis ba su da gaskiya sosai? Kowane kamfani da yadda yake zana su. Lambar gaskiya tana cikin shafin rautar, wanda ake shiga da 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma galibi 192.168.8.1. Ku nemo RSRP, mai nuna ƙarfin sabis. Idan tana wajen -80, kun dace. Idan ta gangara ƙasa da -100 an fara wahala, -110 kuwa sai haƙuri. Kusa da ita akwai SINR, mai nuna tsabtar abin da ke shigowa: 20 madalla, kusa da sifili hayaniya ce zalla. Ku ɗauki rautar ku zaga da ita taga-taga kuna duban lambobin nan. Matsar da ita taku biyar kan yi abin da ƙarin kuɗi ba zai yi ba. Idan kuma ko'ina a ɗakin babu daɗi, mai ramin eriyar waje za ku nema, a kafa eriya a saman rufi ta fuskanci ƙarfen sabis. Ba kowacce ke da ramin ba, a duba.

Yawan ƙahonni kuma ba shi ne ƙarfi ba. Akwai mai eriya shida da mai ɓoyayyiyar eriya a ciki ke yi wa fintinkau.

Shin ko kun san rauta ɗaya ba ta iya wa gidan gandu? Gidan da ke da zaure, da shigifa, da turakar maigida, da sassan mata, da ɗakin samari a waje, babu na'ura guda da za ta game shi, kowa ya ce akwai ciniki yake nema. 'Yar na'urar nan da ake soka wa a soket ta maimaita sigina takan raba gudun biyu, domin da baki ɗaya take karɓa take mayarwa. Akwai tsarin Mesh, na'urori biyu ko uku masu magana da juna, yana da kyau, yana kuma da tsada. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce tsohuwar: a ja waya daga babbar rauta zuwa wata ƙarama a ɗaya sashen. A nan ne mai arahar nan marar gidan sim take da rana. Wayar tana kai mita 100 ba ta gaza ba, Cat5e ma ta isa ɗaukar gigabit. A dai kula da wadda cikinta alminiyom ne aka yi wa wankan tagulla. Ku kankare bakin da reza, idan fari ya bayyana ku ajiye musu abinsu.

Shin ko kun san a Kano tambayar wuta tana gaba da tambayar gudu? Rautar gida ba ta da ci, wajen wat 10 ne ko ƙasa da haka. Idan ta kwana ta wuni a kunne tsawon wata, yunit bakwai da ɗoriya za ta sha. A farashin naira 225 da aka ɗora wa masu shan wutar lantarki 'yan rukunin A a Afrilun 2024, kusan naira 1,600 ke nan. Matsalar ba tsadar ba ce, samuwar ce. A ƙarshen Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda a duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Ko ba a irin wannan babbar masifa ba, duk ɗaukewar wuta na nufin rauta ta mutu, ta farfaɗo, ta sake neman sabis, minti biyu ko uku sun tafi, kiran bidiyo ya katse, cinikin POS ya maƙale a tsakiya. Kunna janareta don na'ura mai wat 10 kuwa almubazzaranci ne. Maganin shi ne ɗan akwatin batir da ake sawa tsakanin soket da rauta, wanda ke karɓar aiki nan take idan an ɗauke. Ku duba jikin cajar rautar: yawanci 12V ne, wasu 9V, wasu 5V. Dole akwatin ya dace da wannan, bakin wayar ma ya dace. Wanda ya ɗura wa mai 9 wuta 12 ya yi sallama da ita.

Lissafin batirin ma akwai wayo a ciki. Mai 10,000mAh a zahiri wajen wat-awa 37 yake riƙewa. Rauta mai wat 10 za ta samu awa uku da wani abu, ba wuni guda da ake faɗa a bakin kanta ba. Mai sola da inbata ya huta da wannan lissafi. Akwai kuma rautocin sim masu batir a cikinsu, waɗanda ga mai ɗaki ɗaya sun fi komai dacewa.

Kun san zafin Kano yakan kai iyakar abin da aka ƙera rauta ta jure? Takardar yawancin rautocin gida cewa take daga digiri 0 zuwa 40. A watan Afrilu da Mayu garin kansa kan taɓa 40 a inuwa, balle shago mai rufin kwano da azahar. Idan ta yi zafi takan rage gudu ko ta kashe kanta ta tashi. Kada a lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙura, kada a ɗora ta a kan dikoda ko inbata. Da hunturu a riƙa kaɗe ramukan iskarta. MiFi ta fi shiga haɗari, domin ba a yi ta don ta kwana ta wuni a caji ba. Batirin kan kumbura har murfi ya ɗaga, kuma kumburarren batir ba abin ajiyewa kusa da katifa ba ne. Da damina kuma, idan hadari ya haɗo da tsawa, a zare ta daga wuta, musamman mai eriya ko waya a waje.

MiFi dai galibi na'ura goma take ɗauka ko sama da haka kaɗan, kuma ba ta wuce ɗaki ɗaya da kirki. Ta matafiyi ce da ɗalibi.

Shin ko kun san kuɗin rauta sau ɗaya ake biya, na data kuwa har abada? A Janairun 2025 NCC ta amince kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Wanda zai kwatanta tayi biyu, ya haɗa kuɗin na'ura da na datar wata goma sha biyu, sannan ya duba wanne ya fi sauƙi. Sau da yawa mai arahar yau ita ke fin tsada kafin shekara ta zagayo. Tsarin da ake ce wa marar iyaka kuma galibi da iyakarsa: idan aka kai wani adadi sai a shaƙe gudun har ƙarshen wata. A tambayi adadin, a tambayi gudun da za a koma.

Kuma kun san layi mai gudu ya fi cin data? Ba sata ba ce. YouTube da ire-irensa idan suka ga hanya a buɗe sai su ɗaga kyan hoto da kansu. Awa ɗaya na kallo a Netflix kan ci wajen gigabait 1 a matsakaicin hoto, har zuwa 3 a tangaran. Gidan da ake bin shirin Labarina a waya uku da talabijin ɗaya, idan ba a sauke kyan hoton da hannu ba, datar wata ba ta ganin sati na uku. Wayoyi ma da sun ji Wi-Fi sai su ɗauka garaɓasa ce ta faɗi, su hau sabunta manhajoji da kwashe hotuna zuwa ma'ajiya cikin dare. Rautar kirki tana nuna wace na'ura ta sha nawa, tana kuma ba da damar a yanka wa kowa iyakarsa. Wannan ya fi raba gardama a gida fiye da rantsuwa.

Shin ko kun san rauta makulli biyu gare ta? Ɗaya na shiga Wi-Fi, ɗaya na shiga shafin sarrafa ta. Na biyun ne ake mantawa, a bar shi yadda ya zo daga masana'anta, sau da yawa admin da admin. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi duniya tana gwada irin waɗannan kalmomin sirri a kan kyamarori da rautoci, ta kame dubun dubata, aka yi amfani da su a watan Oktoba aka durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix a Amurka. Masu na'urorin ba su ma san da su aka yi aikin ba. Wajen tsaro, tsarin kulle Wi-Fi na WEP tun 2001 aka fasa shi, rautar da shi kaɗai ta sani ta tsufa. WPA2 na 2004 shi ne mafi ƙarancin abin karɓa, WPA3 na 2018 ya fi. Maɓallin WPS kuma an gano ɓarakarsa tun 2011, a kashe shi. Lambar wayar maigida ko sunan auta ba kalmar sirri ba ce, duk layin an san su.

Ga wata kunya da fasaha ta raba mu da ita. Baƙo ya zo ya ce, “Alhaji, a ɗan sa mini Wi-Fi,” ba ka iya hanawa, ka sa masa kuma wayarsa na iya nuna wa wani da hoton lamba, kafin Juma'a majalisar ƙofar gida duk tana kai. Rauta mai sashen baƙi tana ba ka suna na biyu da kalmar sirri ta daban, ka rage masa gudu, ka sauya shi duk lokacin da ka ga dama ba tare da ka taɓa wayoyin iyali ba. Zumunci bai ɓaci ba, data ba ta ƙare ba.

Shin ko kun san Wi-Fi 6 da 7 ba sa aiki su kaɗai? Wi-Fi 4 na 2009 ne, na 5 ya zo a 2013, na 6 a 2019, na 7 a farkon 2024. Sai wayar da ke hannu ita ma ta san sabon yaren sannan a ci moriyarsa. Wi-Fi 6 ya yi fice wajen riƙe na'urori masu yawa a lokaci guda, don haka otal ko makaranta ko shagon kwamfuta a Sabon Gari na da hujjar sayensa. Gidan da intanet ɗinsa sim ne mai ba da megabit 25, Wi-Fi 5 ya ishe shi har ya yi saura. Rarar kuɗin a sayi batir da ita.

Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, fa? Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki, a Janairun 2023. Bai damu da ƙarfen sabis ko wayar da mai aikin titi ya tsinke ba, amma yana son sararin sama fetal, ruwan sama mai ƙarfi kan dame shi, kuma babban farantinsa kan sha wat 50 zuwa 100. A ce 75: yunit 54 a wata ke nan, sama da ninki bakwai na rautar sim, kafin a zo kuɗin wata. Ga ɗan akwatin batir ba ya ɗaukarsa, sai inbata. A gona ko ƙauyen da babu sabis babu kamarsa. A tsakiyar Fagge, inda ƙarafan sabis ke kallon juna, sai wanda sana'arsa ba ta jure yankewa.

Shin ko kun san rauta ta hannu tana iya zuwa da tarihinta? Wanda ya saya ya danna ɗan ramin da ke bayanta da tsinke na 'yan daƙiƙoƙi har ta koma yadda aka ƙera ta, sannan ya sa sabbin kalmomin sirri. Ya duba ko kamfaninta na ci gaba da fitar mata da sabuntawa, domin wadda aka daina kula da ita ɓarakarta a buɗe take zama. Ya duba cajar ma, sau da yawa ba tata ba ce aka haɗa. Idan da sim a ciki kada ya karɓa. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, layin da ke da sunan wani kuwa ranar da aka rufe shi ba ku da bakin magana a ofis.

Sabuwa ko ta hannu, a buɗe kwali a gaban mai shago, a sa sim ɗinku, a jona waya, a gwada saukewa da turawa. Gwajin shago na nuna lafiyar na'ura ne kawai, bai nuna sabis ɗin ɗakinku ba, saboda haka a yi sharaɗin mayarwa ko musanya idan ta ƙi gidan, a rubuta shi a rasit tare da lambar IMEI da ke ƙarƙashinta. Idan na'urar lafiya take, kuka kai kuka wurin kamfanin layi bai share muku hawaye ba, NCC na da lambar ƙorafi ta kyauta, 622, kuma za su nemi lambar ƙorafin da kamfanin ya ba ku tun farko, don haka a adana ta.